Ranar da Ƙwallon Koci Yancey Ta Taɓa Ƙasa

Akwai wani dattijo a wani ƙaramin gari a kudancin Alabama, sunansa Burl Yancey, amma ko fasto a coci ba ya kiran sunan nan. Koci kowa yake ce masa.

Kusan duk ƙuruciyarsa da girmansa a filin besbol na kwalejin garin ya ƙarar da su, wasan nan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda. Kofunan da ya ciyo sun cika kabad har aka koma jera su a ƙasa. Yaransa da dama sun zama manyan 'yan wasa, ana ganinsu a talabijin. Idan ya shiga gidan abinci a garin, kafin ya gama shan shayinsa mai ƙanƙara wani ya riga ya aiko masa da soyayyar tarwaɗa.

Mutumin ya iya aikinsa, wannan ba a musu. Amma Allah na tuba, akwai ɗagawa. Maganar da ya fi so a duniya ita ce: "Ni ban taɓa mantawa da yaron da ya sa rigata ba." Ya faɗe ta a rediyo, ya faɗe ta a wurin biki, har a wurin jana'iza ya faɗe ta.

Bayan ya yi ritaya, wata safiya yana ban ruwa a bayan gida, sai ya yanke jiki ya faɗi. Aka kwashe shi asibiti, likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tashi, ya koma tafiya da sanda, bakinsa ma ya dawo daidai. Hannun dama ne ya ƙi, hannun da ya yi rayuwarsa yana jifa da shi.

Ana cikin haka kwalejin ta aiko masa da albishir. Za a sa wa filin wasan sunansa idan bazara ta kama, kuma shi zai yi jifan buɗe wasa a ranar.

Matarsa Maxine ta yi murna har da hawaye. Shi kuwa sai ya dubi hannunsa na dama.

Duk wanda ya san mutanen nan ya san abin da suke tsoro a jifan buɗe wasa. Za ka hau ɗan tudun da mai jifa yake tsayawa, ka jefa ƙwallo zuwa ga mai cafewa da ke tsugune can nesa. Ba a damu da ƙarfin jifan ba. Abu ɗaya ne sharaɗi: kada ƙwallon ta taɓa ƙasa kafin ta isa. In ta taɓa, ka shiga bakin gari har jikokinka. Burl da kansa ya yi shekaru yana kwaikwayon wani shugaban kwaleji da ya sauko daga tudun ya matso kusa don kada ya ji kunya. "In ba za ka iya daga tudu ba, ka zauna a gida ka yi saƙa," haka yake cewa, jama'a su kwashe da dariya.

To, ga shi yanzu ko cokali da ƙyar yake kai shi baki.

Maxine ta fara kai shi sashen gashin ƙashi na asibitin garin da ke makwabtaka da su. Aka haɗa shi da wani ma'aikaci, mutum mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara fito masa a gefen kai, maganarsa a hankali. Tun ranar farko ya miƙa hannu ya faɗi sunansa. Burl bai ji ba, don a lokacin yana bayanin ko shi wane ne.

"Saurara, likita," Burl ya ce. "Ban zo nan don in koyi ɗaura maɓalli ba. Jifa zan yi daga tudu, kuma ba za ta taɓa ƙasa ba. In ba za ka iya ba ka kira min babbanku."

Mutumin ya yi murmushi. "Za mu gwada, Koci."

Ba ƙaramin haƙuri ya yi da tsohon nan ba. Burl ya yi jifa da robar motsa hannu, ya zagi kujera, ya ce masa hannunsa kamar na mai dukan biredi. Mutumin sai dai ya ɗauko robar ya sake miƙa masa.

Da hannun ya fara ɗagawa, wata rana ma'aikacin ya fito da shi bayan ginin, inda akwai ɗan fili mai ciyawa. Ya zaro wata tsohuwar safar cafewa daga jakarsa, fatar duk ta yi baƙi. Ya tsugunna, ya bugi cikin safar da dunƙulen hannu, ya buɗe ta.

"Jefo, Koci."

Burl ya ɗaga gira. "Au, kai ma ka taɓa wasa?"

"Na ɗan taɓa."

"A sakandare, ko? Daga tsugunonka na gane. Da ka samu mai koya maka da ka yi wani abu."

Jifan farko ko rabin hanya bai kai ba. Amma kullum ana ƙara taku, kullum mutumin nan yana tsugune a ciyawa, har lokacin cin abincinsa yake ba da shi. Burl ya fara sakin jiki da shi. Kuma Burl in ya saki jiki da kai, ka shiga uku da labari.

Wata rana suna hutawa a kan benci, sai ya ɗauko labarin da ya fi alfahari da shi, na ranar da ya zarce duk wani koci a jihar yawan nasara.

"Ka san wasan ƙarshe da ake yi a gida, na 'yan ajin fita," ya ce. "Al'ada ce, duk yaron da zai gama karatu sai an ba shi dama ya riƙe sanda ya yi bugu ko sau ɗaya, ko da bai taɓa tashi daga benci ba. Iyaye sun zo, an yi hotuna. To, ranar nasara ɗaya ta rage min, kuma wasa ya yi zafi, mun zo zagayen ƙarshe ana kunnen doki. Saura yaro ɗaya ban sa ba. Wani ɗan tsugune ne, irin waɗanda ke cafe wa masu jifa a gefen fili suna ɗumama hannu. Ko sunansa ban riƙe ba. Har ya sa hular kwano, ya ɗauki sanda, ya kama hanya yana rawar ƙafa."

Ya yi dariya har da buga sandarsa a ƙasa.

"Na ce, kai, dawo nan. Na tura gwanina. Bugu ɗaya yaron ya yi, ƙwallo ta haye katanga, muka ci wasa. Wani kocin da tausayi ya kashe shi. Ni kuwa na san aikina."

Ma'aikacin yana ta murza safarsa da babban yatsa. Can ya miƙe, ya koma wurinsa ya tsugunna.

"Saura kaɗan mu tashi. Jefo, Koci."

A ranar ne Maxine ta gaji da jira a mota. Ta zagayo bayan ginin da jakarta a hannu tana mita. Tana ganin mutumin da ke tsugune ta tsaya cak.

"Odell? Odell Gandy, kai ne ka yi furfura haka?"

Ya miƙe da sauri ya cire hularsa. "Ni ne, Mama Maxine. Ina wuni?"

Ta rungume shi. "Yaron da in na dafa wa 'yan wasa yake zama ya wanke min tukwane bayan sauran sun cinye sun gudu. Burl, don me ba ka faɗa min Odell ne yake duba ka ba? Ɗan gidanmu ne fa. Shekara huɗu yana tsugune a gefen filinka."

Burl ya dubi safar. Ya dubi yatsun mutumin, biyu a karkace, irin na wanda ƙwallo ta sha fasawa. Ƙwallon da ke hannunsa ta suɓuce ta gangara cikin ciyawa.

Maxine ta tuƙo Burl a mota har suka wuce gidan mai. Sannan ya faɗa mata labarin da ya bayar, da wanda ya ba wa.

Maxine ta rage gudu, ta juyo ta dube shi. "Da bakinka? Kana dariya?"

"Ban gane shi ba."

"Kai da ba ka taɓa mantawa da yaron da ya sa rigarka ba." Ta girgiza kai. "Tsoho, na zauna da kai tun muna yara, na ga abin kunya iri-iri a wurinka. Wannan ya fi su."

Bai yi musu ba. Abincin rana ma turewa ya yi. Kunya ta kama shi irin wadda ba ta barin mutum ya zauna wuri ɗaya, ya shiga ɗaki ya fito, ya dubi hotunan ƙungiya da ke bango. Ga Odell nan a layin baya, a can ƙarshe, rabin kafaɗarsa ma hoton ya yanke.

Ya so ya ƙi komawa asibitin. Maxine ta ce ko a bayan a-kori-kura ne sai ta kai shi.

Ya tarar da Odell ya riga ya fito da safa. Burl ya tsaya a kan sandarsa, ya rasa ta inda zai fara.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Na faɗa maka sunana ranar farko, Koci."

Wannan ma ta shige shi. Ya zauna a bencin a hankali. "Odell, abin da na yi maka..."

"Ni ba komai, yallaɓai. Na san ban iya bugu ba. Da na shiga, da wataƙila mun faɗi." Ya zauna a ɗaya gefen. "Babana ne abin ya dama."

"Ya zo ranar?"

"Ya zo. A injin katako ya yi aiki, ƙura ta cinye masa huhu. Bai taɓa zuwa kallona ba, don na ce masa kada ya wahalar da kansa, ba a sa ni. Amma na ce masa ranar 'yan ajin fita tabbas ne, Koci ba ya karya al'ada. Mahaifiyata ta tuƙo shi tun asuba, da tukunyar iskarsa a kan cinya. Ya faɗa wa duk mutanen cocinmu za a kira sunan Gandy a lasifika."

Burl ya sunkuyar da kai.

"Bayan wasa ya ce sai ya gaisa da kai. Ya kutsa cikin jama'a yana haki, ya kama hannunka, ya ce ya gode da ka riƙe masa ɗa shekara huɗu. Ka ce masa, wane ne ɗan naka?"

Wata mota ta wuce ta bayan katanga. Burl ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"A hanyar gida mahaifiyata tana ta faɗa, shi kuwa yana kare ka. Ya ce Koci ya fi mu sanin wasa. Kafin sanyi ya shigo ya rasu."

"Kuma ka zo kana tsuguna min a ciyawa."

"Aikina ne. Kuma a filinka na koyi yadda kafaɗa ke aiki, ina kallon masu jifa. Da shi nake ciyar da iyalina." Odell ya sa safar. "Bari in faɗa maka gaskiya, Koci, hannun nan ba zai kai daga tudu ba. Zai rage kaɗan. Amma ka ce musu ni zan cafe maka. In ta taho gajeriya zan zabura gaba in ɗauke ta kafin ta sauka, ba wanda zai lura. Na yi wa yaranka haka ba adadi."

Ga mafita ta zo har gida. Abin da tsohon nan ya hana kansa sukuni a kai, ga shi an miƙo masa a faranti, kuma daga hannun da ya fi kowane hannu cancantar ya ƙi. Burl ya ce to. Amma tun daga ranar bai ƙara ba da labarin kofi ba.

Ranar biki ta zo. Fili ya cika maƙil, masu dafaffiyar gyaɗa suna zagayawa, tsofaffin 'yan wasansa sun jeru da tumbinsu da 'ya'yansu. An lulluɓe allon sunan da ƙyalle. Shugaban kwaleji ya yi dogon jawabi, aka yaye ƙyallen, tafi ya tashi. Odell yana tsugune a wurin mai cafewa, ya buɗe safa.

Burl ya miƙa wa Maxine sandarsa, ya taka zuwa tudu. Sai ya yafito mai riƙe da makirufo.

"Jama'a," ya ce. "Kun sha ji na ce ban taɓa mantawa da yaron da ya sa rigata ba. Ƙarya nake yi. Akwai wanda nake riƙe da damarsa tun ranar da na kafa tarihi kuka ɗaga ni a kafaɗa. Odell, ajiye safar nan. A ba shi sanda."

Odell ya miƙe, ya taho da sauri har gindin tudu, ya yi ƙasa da murya. "Koci, in na tsaya bugu, mai cafewa dole ya koma bayana. Ba wanda zai tare maka ita."

"Na sani, ɗana. Je ka sa hula."

Wani ɗan wasa ya karɓi safar ya tsugunna a baya. Mai lasifika ya faɗa yadda ake faɗa wa kowane mai bugu: "Mai bugu na gaba, mai cafewa, Odell Gandy."

Burl ya ɗaga hannu ya yi jifa da duk abin da ya rage masa.

Ƙwallon ta faɗi ƙasa, ta yi tsalle biyu, ta gangara ta tsaya kafin ta kai ƙafar Odell. Fili ya yi tsit. Can sama wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta toshe mata baki.

Kunya ta rufe Burl. Aka jefo masa wata. Ya dubi tudun da ke ƙarƙashin ƙafarsa, sannan ya sauko, ya matso gaba, a gaban duk waɗanda suka taɓa yi masa dariyar kwaikwayon shugaban kwaleji. Ya sake jifa. Ita ma ta ci ƙasa.

Ya ƙara matsowa, har yana iya ganin gumi a fuskar Odell. Wannan karon ta ƙasa ya lilo hannun, yadda ake jefa wa ƙaramin yaro a tsakar gida.

Odell ya kai mata bugu. Ba wani bugun kirki ba ne, ƙwallon ta dai gangara ta wuce ta gefen Burl tana birgima a ciyawa. Amma tsofaffin 'yan wasan nan suka hau ihu suna ce masa ya ruga yadda mai bugu ke yi in ya sami ƙwallo, sai ga mutum mai furfura ya yar da sanda yana gudu da takalmin asibiti, hular kwano tana karkacewa a kansa. Jama'a suka miƙe tsaye.

Burl bai tsaya karɓar tafin ba. Ya karɓi sandarsa ya nufi layin gaba, inda Maxine ta zaunar da wata tsohuwa mai hular coci. Ita ce Loretta Gandy, mahaifiyar Odell, Maxine ce ta je har gida ta ɗauko ta.

Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. "Baiwar Allah, ni ne Burl Yancey."

"Na san ko kai wane ne," ta ce. "Mu ba mu manta ba."

"Na zo neman gafara."

Ta daɗe tana kallon ɗanta, da ke can tsaye yana haki, abokan wasansa na dā suna dukan bayansa.

"Na yafe maka nawa," ta ce. "Na mijina kuwa ba a hannuna yake ba. Abin nan da ka yi yau, minti nawa ya ɗauke ka?"

Burl ya murza hular da ke hannunsa.

"Shi ke nan abin da ya zo gani," ta ce, ta mayar da idonta fili.

Ya tsaya a wurin da hula a hannu. A bayansa ga sunansa da manyan haruffa a saman allo, masu hoto suna ta kiransa ya juyo. Bai juyo ba.

Sunan yana nan har yau. Amma mutanen garin sun ce Koci bai ƙara zama a kujerar alfarmar da aka ware masa ba. In ka zo wasa, can gefen fili za ka same shi, inda masu cafewa ke tsugune ba mai kallonsu, yana tambayar kowane yaro sunansa da sunan babansa.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Wanda ka raina yau don yana zaune a benci, wataƙila shi zai tsuguna ya ɗaga ka ranar da hannunka ya gaza. Kuma alherin da bai fi minti ɗaya ba, yi shi tun wanda ya zo dominsa yana raye, don wata gafarar in ka makara ba za ka tarar da mai ba ka ita ba. Ku tura wa malamai da shugabanni da duk wanda ke da na ƙasa da shi, ko wani zai tuna da sunan da ya manta.